SHIN BAƘO YA DASA ITACE? DARASI DAGA NAKKASA DA FILIN ARFA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Yake saukar da ruwa daga sama Ya rayar da ƙasa da shi bayan ta bushe. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasa, akwai wata magana da ta zauna a bakinmu mu mutanen zongo, har ta zama kamar wani hukunci da ba a tayarwa. Idan aka ce a gyara kwata, ko a share filin makaranta, ko a dasa itace a ƙofar masallaci, sai ka ji wani ya ce, "To ai nan ba garinmu ba ne." Wani kuma ya kawo karin maganar nan ta cewa baƙo raɓa ne, da rana ta fito sai ya tashi. Ita kanta kalmar zongo abin da take nufi ke nan, wato wurin da ayari yake sauke kaya ya kwana, gari ya waye ya ɗaura ya wuce. Alhali kuwa kakanninmu da suka sauke kaya a Salaga da Kumasi da Sabon Zongo na Akra yau sun fi shekara 100 a kabari, mu jikokinsu kuma muna nan muna cewa gobe za mu tashi.

Saboda haka tambayar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ita ce: mutumin da ba shi da tabbacin zama a wuri, shin akwai hakkin wurin a kansa? Kuma idan akwai, me ya kamata ya dasa, yaya kuma zai kula da shi? Mun zaɓi mu yi maganar a kan itace, domin itace shi ne aikin da ya fi kowane aiki bukatar dogon zama. Mun kuma zaɓi mu ɗauko misalinmu daga Makka, domin gari ne mai tara baƙi daga ko'ina a bayan ƙasa.

KWARIN DA BA SHUKA

Duk wanda ya karanta Suratu Ibrahim ya san yadda Annabi Ibrahim (AS) ya siffanta wurin da ya ajiye iyalinsa, cewa kwari ne da ba ya fitar da shuka. Har yau haka yanayin yake. Ruwan da Makka take samu a shekara bai cika wuce milimita 100 da 'yan kai ba, wanda a Kumasi damina kan zubar da fiye da haka cikin wata guda. Zafi kuwa ba a magana. A aikin Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, kuma hukumomin Saudiyya suka ba da sanarwar rasuwar alhazai 1,301, mafi yawansu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba tare da samun mafaka ba. Allah Ya jiƙansu. A irin wannan ƙasa inuwa magana ce ta rai da mutuwa.

A kudancin Harami akwai unguwar da ake kira Nakkasa. An san ta da gidaje a jikin duwatsu, wani kan wani, da lunguna masu ƙunci, kuma mafi yawan waɗanda suka raya ta baƙi ne. Akwai Musulmin Bama da suka gudo daga fitinar ƙasarsu, akwai kuma mutanen Afirka, ciki har da 'yan'uwanmu masu jin Hausa, irin waɗanda ake ce wa Takari, da suka je sauke farali suka zauna. Da yawansu sun haihu a can sun ga jikoki a can, amma ƙasar ba ta zama tasu a takarda ba. A taƙaice dai Nakkasa zongo ce, irin Nima ko Aboabo, sai dai ita tana maƙwabtaka da Ɗakin Allah. Daga wajen shekarar 2020 kuma hukuma ta shiga rushe gidajen unguwar a cikin shirinta na sake fasalin birnin, mazauna suka watsu zuwa wasu wurare.

To a nan mai cewa "ba garinmu ba ne" zai ga kamar ya sami hujja. Zai ce, kun gani ko? Wanda ya dasa itace a tsakar gidansa a Nakkasa, ya yi ta ɗauko masa ruwa yana hawa dutse da shi, ina itacen yake yau? Ashe bai yi wahalar banza ba? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba za mu yi mata amsar ganin dama ba. Amma kafin mu amsa, bari mu fita daga birnin kamar kilomita 20, mu je filin Arfa.

INUWAR YINI GUDA

Alhazan da suka yi Hajji a da sun san Arfa fili ne fetal, sai rairayi da duwatsu da tantuna. A shekarun 1980 wani attajirin Makka mai suna Abdurrahman Faƙih ya ɗauki nauyin dasa itatuwa a filin. Kafin ƙarshen shekarun an ƙiyasta itatuwa kusan 50,000 a fili mai faɗin murabba'in kilomita 10. Itacen da aka zaɓa kuwa ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu: dogonyaro ne, wanda wasu suke ce wa darbejiya, a Nijar a ce bedi, mu kuma a nan mu ce nim.

Mu tsaya mu yi tunani a kan wannan aiki. Tsayuwar Arfa yini guda ce a shekara, ranar 9 ga Zulhajji, daga zawali zuwa faɗuwar rana. Waɗanda za su sha inuwar baƙi ne da mai dasawa bai san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ana yin magariba za su ɗaura kaya su nufi Muzdalifa. Amma itacen sai an ba shi ruwa shekara cur kafin ya yi musu hidimar wannan yini guda. Babu zongon da ya kai Arfa gajeren zama. Duk da haka ba mu taɓa jin mai hankali ya ce dasa itace a Arfa asara ce ba. Tun kafin haka ma, a ƙarni na 2 na Hijira, Zubaida matar Haruna Rashid ta kashe dukiya mai yawa ta jawo ruwa daga Wadi Nu'uman ya ratsa ta Arfa domin alhazai, har yau ana kiran aikin da sunanta.

Ashe ke nan darajar dasa itace ba ta rataya ga tsawon zaman mai dasawa ba, ba ta kuma rataya ga mallakar ƙasar ba. Ta rataya ne ga amfanin da bayin Allah suka samu. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas (RA) hadisin da yake nuna cewa duk Musulmin da ya dasa ko ya shuka wani abu, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, to an rubuta masa sadaka. Ba a shardanta cewa sai ya kasance ɗan gari ba. Imam Ahmad kuma ya ruwaito wani hadisin daga Anas ɗin, wanda ma'anarsa ita ce ko da Alƙiyama ce ta zo tsayuwa alhali akwai dashe a hannun mutum, idan zai iya dasa shi kafin ta tsaya to ya dasa. Kalmar Larabcin da ta zo a hadisin ita ce fasila, wato ɗan dabinon da ake cirewa daga gindin uwarsa. Dabino kuwa sai ya yi shekaru kafin ya ba da 'ya'ya. Wato an zaɓi itacen da ya fi bukatar jira, aka haɗa shi da lokacin da babu sauran jira. Idan tashin duniya bai zama uzuri ba, yaya tashin haya zai zama uzuri?

Da wannan muke amsa tambayar Nakkasa. Itacen da aka dasa a can ya tafi tare da gidan, wannan gaskiya ne, kuma akwai zafi a ciki. Amma tsohuwar da ta huta a gindinsa shekara 20, da yaran da suka yi tilawa a inuwarsa, da tsuntsun da ya kwana a reshensa, duk wannan an riga an rubuta, kuma babu motar rushe gini da take isa wurin da aka rubuta shi.

Sai dai akwai iyaka da shari'a ta sa, kada zumuɗi ya ɗebe mu. Ya zo a hadisi cewa saiwar da aka dasa bisa zalunci a ƙasar wani ba ta da hakki. Don haka ɗan haya ya nemi izinin mai gida, ƙungiya ta nemi izinin sarkin zongo da hukumar gari, kuma kada a mayar da dasa itace dabarar cin iyakar maƙwabci.

WANE ITACE?

Idan mun yarda baƙo ya dasa, saura zaɓi. A nan ma akwai tarbiyya. Da yawanmu idan za mu dasa abu, idonmu yana kan wanda ya fi kyau a hoto, irin furannin da muke gani a gidajen masu kuɗi, waɗanda idan aka yi kwana 3 ba ruwa sai su langwaɓe. Wanda ya dasa irin wannan a makarantar da ba ta da famfo bai yi wa kowa alheri ba, ya dai yi wa idonsa. Waɗanda suka yi aikin Arfa ba su tambayi wane itace ya fi ban sha'awa ba, sun tambayi wane ne zai rayu. Dogonyaro yana tura saiwarsa can ƙasa neman laima, yana jure zafi da ƙasa maras ƙarfi, yana girma da wuri, kuma yawanci yana riƙe ganyensa a lokacin da ake tsananin bukatar inuwa. Abin da ba ya so shi ne ruwa ya kwanta masa a gindi.

Abin sha'awa kuma shi ne dogonyaro shi kansa baƙo ne. Asalinsa daga Indiya da Bama yake, wato ƙasa ɗaya da mafi yawan mutanen Nakkasa. Ana danganta yaɗuwarsa a Gana da zamanin Gwamna Gagisbag, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927. A 1928 aka kai shi lardin Borno, yau kuma ba a iya tunanin titunan Maiduguri ba tare da shi ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa a Nijar, daga 1975 aka rinƙa dasa shi layi-layi domin tare iska, aka kuma ga amfanin gero ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100 a gonakin da ya kare. Baƙo ne da ya zo hannu biyu, bai nemi mai yawa ba, ya ba da inuwa da asuwaki da itacen girki da maganin ƙwarin hatsi, har masu gari suka sa masa suna da harshensu.

Amma kada mu wuce gona da iri wajen yabo. A filayen da ke kewayen Akra dogonyaro ya yaɗu da kansa, tsuntsaye da jemagu suna baza irinsa, har yana danne itatuwan asalin wurin. A yankin Tafkin Chadi kuma a shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye ya far masa, ya lalata itatuwa masu yawa, garuruwan da suka dogara da shi kaɗai suka ji a jikinsu. Darasi biyu ke nan. Na farko, juriya kaɗai ba ta isa ta sa a kira abu nagari ba, domin mai juriyar da yake hana maƙwabcinsa numfashi ya zama azzalumi. Wannan kuwa magana ce da ta shafi itace, ta kuma shafi baƙo ɗan Adam. Na biyu, kada a zuba dukkan fata a kan iri guda.

Allah Ya hore wa ƙasashenmu itatuwa masu haƙuri da muke rainawa don mun saba ganinsu. Ga kurna da magarya, dangin itacen da Larabawa suke kira sidir, masu inuwa da 'ya'ya da ganyen wanka. Ga aduwa da bagaruwa da ba su san fari ba. Ga tsamiya, mai jinkirin girma amma mai daɗewa. Ga gawo, wanda yake zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani lokacin da dabbobi suke neman abinci. Wanda ba shi da fili kuwa ga lalle, a yi shinge da shi, ga zogale da ke shiga tukunya. Manoman Maradi sun nuna wa duniya wani abu tun daga 1983, ta hanyar abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su sayo dashe, sai suka rinƙa barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura, suna rage shi suna kare shi. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Wani lokaci alherin da muke nema daga nesa yana nan a ƙarƙashin ƙafarmu, kulawa kawai yake jira.

DASAWA DA RENO

Yanzu mun zo wurin da aka fi faɗuwa. Dasa itace aikin minti 10 ne, renonsa kuwa aikin shekara 2 ne ko 3. Ranar dasawa akwai taro, akwai manyan baƙi, akwai mai ɗaukar hoto. Ranar ban ruwa babu kowa, daga kai sai bokiti sai Allah. A ranar 11 ga Yuni 2021 gwamnatin Gana ta kira jama'a su dasa itatuwa miliyan 5 a yini guda, kuma matasan zongo da dama sun fita. A shekarar ce kuma Saudiyya ta ba da sanarwar burin dasa itatuwa biliyan 10. Waɗannan niyyoyi ne masu kyau. Amma kowannenmu ya tambayi kansa: dashen da hannuna ya sa a ƙasa, na koma na duba shi da rani?

Akwai wani abin lura game da itatuwan Arfa. Alhazan Indonesiya suna kiransu itacen Sukarno, suna danganta su da shugabansu wanda ya yi Hajji a 1955. Mutanen Bangaladash kuma suna danganta su da shugabansu Ziya'ur Rahman. Kowa yana so a ce nasa ne ya kawo irin. Amma ba mu taɓa jin ana jayayya a kan sunan leburorin da suka yi shekaru suna ban ruwa a cikin wannan rana ba, alhali in ba don su ba da babu itacen da za a yi jayayya a kansa. Mutane suna riƙe sunan mai dasawa, Allah kuma bai manta mai ban ruwa ba. Wanda yake so ya gwada ikhlasinsa, to ya zaɓi aikin da ba a yi wa hoto.

Mu tuna kuma da yadda addini ya girmama itacen da ya riga ya tsaya. Ranar buɗe Makka Manzon Allah (SAW) ya hana sare itatuwan Harami da cire ciyawarsa, Abbas (RA) ya roƙa a togace izhir saboda bukatar mutane, aka togace. Malaman fiƙihu da yawa, ciki har da namu na Malikiyya, sun ce hanin ya shafi abin da yake tsirowa da kansa ne. Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi mai tsanani ga mai sare magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi suke fakewa a inuwarta, mutum ya sare ta ba da wani hakki ba. Sayyidina Abubakar (RA) ko a fagen yaƙi ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa. To ina hujjar wanda zai sare mangwaron makaranta don ya kafa kanti?

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Don kada magana ta tsaya a takarda, muna ba kowane reshe na ƙungiyarmu shawara kamar haka.

Da farko, kada a dasa fiye da abin da za a iya reno. Itace 5 da suka rayu sun fi 100 da suka bushe. Kowane dashe a rubuta sunan ɗalibi ɗaya ko biyu da za a tambaya idan ya mutu.

Na biyu, a dasa da farkon damina, domin saiwa ta kama kafin rani. A haƙa rami mai faɗi, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki, a cire ledar da dashen ya zo a ciki, kada kuma a binne wuyansa fiye da yadda yake a ledar. Mai son shuka irin dogonyaro ya shuka shi da ɗanyensa, domin ba ya daɗewa a ajiye yake mutuwa.

Na uku, a nisanta babban itace daga bango da masai da bututun ruwa da wayar lantarki, kada sadakar yau ta zama rigimar gobe.

Na huɗu, a kewaye dashe da ƙaya ko kwando ko bulo. Mun san awakin zongo, ba su da ranar hutu.

Na biyar, ban ruwa mai yawa jefi-jefi, da yamma, ya fi yayyafi kullum, domin shi yake sa saiwa ta nutsa ƙasa. A rufe gindin da busasshen ganye don laima ta daɗe. Kuma ga wata taska da muke zubarwa sau 5 a yini: ruwan alwala. Idan aka yi masa 'yar hanya daga wurin alwala zuwa gindin itace, masallaci ya sami inuwa ba tare da an sayi ko bokiti ɗaya ba.

Na shida, a rage rassan ƙasa tun itacen yana ƙarami domin ya miƙe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mun san wannan magana ba a kan icce kaɗai aka yi ta ba.

Ya 'yan'uwa, Bahaushe yana yi wa giginya gori cewa na nesa ne yake shan inuwarta. A wurin mumini wannan ba abin gori ba ne, matuƙar bai hana na kusa hakkinsa ba. Mu ma inuwar da muke sha yau a ƙofar masallatanmu wasu ne suka dasa ta, waɗanda suka zo fataucin goro da niyyar komawa gida, ba su koma ba, ba mu kuma san sunayensu ba. Ibnu Umar (RA) ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarce shi ya zauna a duniya zaman baƙo ko mai wucewa a hanya, shi ne kuma ya ruwaito hadisin da aka kamanta Musulmi da dabino. Waɗannan biyu ba su saɓa wa juna ba. Baƙuncin da aka umarce mu da shi na zuciya ne, kada ta manne wa duniya. Ba a ce hannu ya daina aiki ba. Duniyar gaba ɗayanta zongo ce, kuma babu wanda yake da takardar zama ta dindindin a cikinta, ɗan gari ne ko baƙo. Idan za a jira tabbacin zama kafin a dasa, to babu wanda zai taɓa dasa komai.

Allah Ya sa mu zama baƙin da wuri yake kewarsu bayan sun tashi. Allah Ya sassauta wa 'yan'uwanmu da suka rasa matsuguni a ko'ina suke, Ya karɓi ɗan abin da muka dasa, Ya kuma sanya mu a inuwarSa ranar da babu wata inuwa sai taSa. Amin.